Akwatin ajiye saƙo a ƙofar gida: katako, durom, tsohon firiza ko bulo?

Maiɗakina tana sayar da atamfa da leshi da turare a cikin gida, nan wajen Ƙofar Ƙaura a Katsina. Yawancin kayanta daga Kantin Kwari suke zuwa: ta zaɓa a WhatsApp, ta tura kuɗi, a ba direba a Kano, in ya iso tasha a ba ɗan acaba ya ƙaraso da su. Matsalar ita ce ɗan acaba ba ya zuwa sai lokacin da nake wurin aiki, yara kuma suna makaranta. Sai ya tsaya a waje yana rafka sallama, tunda ba zai shiga gidan matar aure ba. In tana nan ta bar tukunya a wuta ta nemi hijabi. In ta fita unguwa, sai a ce ya bar wa mai shago. Wata rana ƙulli ya bi hannu uku kafin ya iso gare ta, aka tarar babu turmi ɗaya. Ba mu tuhumi kowa ba, amma gaisuwa ta yi sanyi a layinmu har tsawon makonni, kuma wannan ya fi ɓatan atamfar ci mani rai.

Daga nan na fara tunanin akwatin da za a ajiye saƙo a kulle. Na yi na katako, daga baya na gina na bulo. Ƙanena a Daura ya yi na durom, wani abokin aikina kuma ya yi da tsohon firiza, duka biyun na je na buɗe su na sa hannu a ciki. Dukkansu da tsofaffin kaya aka haɗa su.

In ka duba hotunan irin wannan akwati a intanet, za ka ga na Ingila ne da Amurka, kuma ruwan sama suke yaƙa. Mu ruwanmu na wata huɗu ne, daga Yuni zuwa Satumba, ya fi ƙarfi a Agusta. Sauran wata takwas ɗin rana ce da ƙura. A Afrilu da Mayu zafi yakan haura digiri 40 a inuwa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu yana busar da komai, ƙura kuma ba ta raina kafa komai ƙanƙantarta. Ga gara a ƙarƙashin ƙasa, ga masu jari bola da a cikinsu akwai na kirki da yawa, akwai kuma wanda in ya ga ƙarfe ba a ɗaure ba, nauyinsa a sikeli kawai yake hange. Da waɗannan nake auna kowane akwati. Ruwa na ƙarshe ne a lissafina, sai dai a kula da abu ɗaya: hadarinmu daga gabas yake tasowa da iska, shi ya sa bangon gabas na gidajen ƙasa yake riga sauran zaizayewa. Kada bakin akwati ya kalli gabas.

Girma kuwa, faɗin ƙafa 2, zurfin inci 20, tsayin inci 28 ya ishi yawancin gidaje. Zai ɗauki turmi goma na atamfa a ƙulle, ko kwalin takalmi huɗu, ko ƙaramin injin markaɗe a kwalinsa. In ya fi haka girma ya zama abin jan ido.

Katako shi kowa yake fara tunani, don shi ya fi sauƙin sarrafawa, kuma shi ya fi kyau a ido. Abin da ake samu da araha shi ne falet, wato katakon nan da ake ɗora tayil ko kwalayen kaya a kai a cikin kwantena. Masu sayar da tayil da manyan shagunan kayan masarufi sukan sayar da su. Guda 3 za ka saya ko da lissafi ya nuna 2 sun isa, domin ƙusoshinsa masu zare-zare ne, in ka ɓanɓare da ƙarfi allon tsagewa yake yi. Kafintan da ya yi mani aiki bai ɓanɓare ko ɗaya ba. Ya zura zarton ƙarfe tsakanin allo da gindinsa ya yanke ƙusoshin, sannan ya bi ya fitar da kawunansu ɗaya bayan ɗaya.

Kafin ka biya, juya falet ɗin ka nemi tambarin da aka ƙona a gefensa. Wanda ya ƙetaro daga waje yana ɗauke da haruffa biyu. HT na nufin da zafi aka kashe ƙwarin cikinsa, an gasa shi har cikinsa ya kai digiri 56 na minti 30, wannan ba shi da laifi. MB na nufin da iskar guba aka turara shi, ka bar shi a wurin. Wanda ka ga tabon mai ko wani gari da ba ka sani ba a jikinsa, shi ma ka wuce.

Nawa ya yi kyau ƙwarai ranar da aka gama shi. Kafintan ya ce mani, "Malam, a ɗaga shi daga ƙasa fa, wannan farin katako ne, tuwon gara ne." Na ce za a yi. Na jingina shi da katanga a kan dandamalin siminti, ina ganin simintin ya isa. Kafin damina ta biyu ta fita, na ɗaga shi don a share ƙarƙashi sai ƙasan ya zauna a wurin. Gara ta biyo wata 'yar tsaga tsakanin dandamali da katanga, ta gina hanyarta ta jar ƙasa a bayan akwatin inda ido ba ya kaiwa, ta cinye allunan daga ciki ta bar fenti kawai. Na danna da yatsa, yatsan ya shige.

Don haka in katako ka zaɓa, a yi mashi ƙafafu na ƙarfe masu tsawon inci 10 zuwa 12, a bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da bango, yadda in gara ta fara gini za ka gani ka karce. A shafa Solignum, wato maganin da ke kare katako daga gara, ta waje, a bar shi ya sha iska kwanaki kafin a fara sa kaya. Mutane da yawa suna shafa baƙin mai, kuma yana korar gara, amma warinsa yana kama tufafi, in zafi ya yi kuma yana tsattsafowa. In dole ne, a tsaya a ƙasan akwatin ta waje. Murfin a lulluɓe shi da guntun tsohon kwanon rufi, a karkata shi baya, ya zarce jikin akwatin da inci 3 ta kowane gefe. Sai batun hunturu: allunan da aka haɗa su ƙam a Agusta, a Janairu za ka hango haske ta tsakaninsu. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Maganinsa a shimfiɗe cikin da tsohuwar banar kamfe, irin mai kauri ɗin nan da ake yarwa bayan zaɓe, a kama ta da ƙananan ƙusoshi. Alherin katako dai shi ne ba ya ɗaukar zafi kamar ƙarfe, kuma mai jari bola ba ya kallonsa.

Durom na ƙarfe mai cin lita 200 shi ne wanda ya fi jan hankali, shi ne kuma na fi jan kunne a kansa. Tsayinsa ya kusa ƙafa 3, faɗinsa ya kusa ƙafa 2, kamar don wannan aikin aka ƙera shi. Mai walda zai yanka ƙofa a cikinsa, ya sa hinji biyu da kunnen kwaɗo, cikin yini ɗaya an gama. Gara ba ta da rabo a ciki, wuƙa ba ta huda shi.

Amma na ƙanena a fili yake, babu inuwa, ya kuma shafe shi da baƙin fenti don ya dace da get. Na je Daura a watan Afrilu, bayan azahar na buɗe shi, iskar da ta bugi fuskata kamar ta bakin tanda. Ƙarfe mai duhu a irin wannan rana yakan wuce digiri 60. Matarsa ta nuna mani jambakin da aka kawo mata ya lanƙwashe a cikin murfinsa, da man shafawa da ya koma ruwa. Atamfa da takalmi da littafi ba su damu ba. Amma ka karanta kwalin magani, yawancinsu an rubuta a ajiye ƙasa da digiri 30. Waya da fawa banki ma batirinsu ba ya son irin wannan gashi. Ya ce mani, "Yaya, ai da na sani da fari na shafa." Farin fenti yana ragewa sosai, da 'yar rumfar kwano a sama mai tazarar inci 4 don iska ta ratsa. Mafi kyau dai a samu gindin bedi.

Akwai abin da ya fi zafi haɗari, shi ne yankan durom ɗin. In ya taɓa ɗaukar fetur ko tina ko wani sinadari mai kama wuta, tururinsa yana nan a ciki ko da ya shekara a bushe, tartsatsin giranda ɗaya ya isa ya tarwatsa shi. An rasa rayuka a garejin walda ta wannan hanya. A buɗe murafunsa biyu, a wanke da omo, a cika shi da ruwa har ya tumbatsa kafin a kusanto da wuta. Gara ka nemi wanda ya ɗauki man gyaɗa ko wani abin ci. Bakin da aka yanka kuma a lanƙwashe shi ko a tsaga tsohon tiyo a sa mashi, don kada ya yanki hannun mai kawo saƙo. Sannan a binne ƙarfe a siminti a walde durom ɗin a kai ta ciki. Wanda aka ajiye haka nan, ko aka ɗaure da siririyar sarƙa, yaro ɗaya zai mirgina shi.

Shuɗin durom na roba ba ya tsatsa, ba ya zafi kamar ƙarfe, kuma mai buɗaɗɗen baki yana zuwa da murfinsa. Sai dai ba shi da araha, don kowa yana nemansa ya tara ruwa. Wuƙar da aka ɗumama tana ratsa shi, rana kuma tana gasa shi a hankali har ya fara tsagewa. A cikin zaure zai yi aiki. A bakin titi ban yarda da shi ba.

Tsohon firiza mai buɗewa ta sama ya ba ni mamaki. Masu gyaran firij sukan cire injin da bututun jan ƙarfe, waɗanda su ne masu kuɗi, su jingine gangar jikin a bayan shago. Jikin nan bango biyu ne da soso mai kauri a tsakani, murfinsa kuma da robar da ke manne shi. Na abokin aikina yana ƙarƙashin barandar get. Na sa hannu da ƙarfe uku na rana, cikin yana da ɗumi kaɗan kawai, babu ƙura ko ɗis a kan jaridar da ya shimfiɗa. Ba sanyaya kaya yake yi ba, jinkirta shigar zafi yake yi, kuma ga saƙon da zai yi awa huɗu ko biyar yana jira, wannan ya wadatar. Ga mai karɓar turare da kayan kwalliya da waya, babu wanda ya kama ƙafarsa a cikin huɗun nan. A tabbatar dai mai gyara ya fitar da gas ɗin kafin a huda ko'ina, domin na sababbin firij, wanda ake rubuta wa R600a, yana kama wuta. A Agusta kuma a riƙa buɗe shi ya sha iska, in ba haka ba zai yi fumfuna.

Duk da haka ni ban sa shi a gidana ba, saboda yara. Abin da ya hana ƙura shiga shi ne yake hana iska shiga. A Amurka yara sun yi ta mutuwa a cikin firij ɗin da aka yar suna wasan ɓuya, har aka kafa doka a 1956 cewa dole ƙofar firij ta buɗu daga ciki. Daga nan ne ƙofa mai maganaɗisu ta maye gurbin mai sakata. To kai da ka sa mashi kunnen kwaɗo, ka mayar da shi irin na da. Ka tuna ƙofar gidajenmu da la'asar, yara goma suna guje-guje, ɗaya ya shiga ya ɓuya, kunnen ya faɗo kan maƙalinsa ko wani ya zauna a kan murfin. Sosonsa yana danne ihu. Wanda ya nace sai firiza, ya huda ramukan iska a gefe ya toshe su da raga, ya walda ƙarfe ya raba cikin gida biyu yadda yaro ba zai samu wurin zama ba, kuma kada ya zauna babu kwaɗo a kulle ko na minti ɗaya. In ka san ba za ka iya riƙe wannan kullum ba, don Allah ka bar shi a bayan shagon mai gyara.

Na bulo shi nake amfani da shi yanzu, shekara ta uku ke nan. Ba a waje yake ba. An huda katanga ne kusa da get, aka gina akwatin ta cikin gida, yana da ƙofa biyu: ƙarama ta waje da mai kawo saƙo zai buɗe, da ta ciki da maiɗakina take buɗewa ba tare da ta leƙa titi ba. Duk wanda ya taɓa gini yana da ragowar bulo a wani lungu. Mai inci 6 guda 18 muka sa, da buhun siminti ɗaya wanda bai ma ƙare ba. Ƙofofin tsofaffin tagogin ƙarfe ne da na samo wurin 'yan gwangwan, mai walda ya rage su, aka kankare tsatsa aka shafa jan fentin nan na ƙarƙashi. Saman kuwa ragowar rodi aka jera aka zuba kankare. An ɗaga ƙasansa da layin bulo ɗaya, don in kwata ta cika a Agusta ruwa kan kwanta a gindin katangarmu.

Birkilan dattijo ne, kuma abu biyu ya tsaya a kansu. Na farko, ya ƙi fasa katangar sai da ya zura ƙarfen angul a saman wurin da zai huda, ya ce in ba haka ba bulon sama zai sauko a hankali katangar ta tsage. Na biyu, da na ce a faɗaɗa bakin waje, ya ajiye cokalinsa ya dube ni. "Alhaji, ƙofa kake so in buɗe wa ɓarawo? In yaro zai iya shiga, babba zai turo shi." Muka tsaya a faɗin inci 16 da tsayin inci 12, ƙofar ciki kuma aka sa mata sakata biyu masu kauri ta ɓangaren gida. Ita ce ainihin mai gadin. Hinjin ƙofar waje ma ta ciki aka walde shi, don kada a buge shi da guduma.

Bulo yana shan zafi a hankali, don haka da rana cikinsa ya fi durom sanyi nesa ba kusa ba, ko da bai kai firiza ba. Gara ba ta cinsa, babu mai ɗaukarsa, bai tare hanya ba balle maƙwabci ko hukuma su yi magana. Aibinsa shi ne ya fi sauran cin kuɗin aiki, tunda birkila da mai walda duka za ka biya, kuma ba ya tashi. Ɗan haya ba zai fasa katangar mai gida ba. Haka kuma gidajen ƙasa na cikin gari, irin na Masanawa da Gambarawa, ba a huda masu bango don wannan. Su Allah ya ba su zaure, akwatin katako a ciki ko tsohuwar adakar ƙarfe da aka ɗaure a bango ta wadatar, ga inuwa kyauta.

Yadda za a kulle shi ma zaɓi ne, kuma yana iya sauya wanda za ka ɗauka. Hanya mafi sauƙi ita ce ka rataya kwaɗo a buɗe, mai kawo saƙo ya sa kaya ya danna. Ba ta buƙatar bayani, amma saƙo ɗaya take karɓa a yini, yara kuma suna danne kwaɗon don wasa, ko a zare shi a tafi. A walde mashi 'yar sarƙa. Da firiza wannan hanyar ba ta halatta ba sam, tunda a buɗe yake jira. Kwaɗo mai lamba huɗu ya fi: ka tura wa ɗan acaba lambar a waya, in mako ya zagayo ka sauya. Ƙura tana cushe ƙafafun lambobinsa da hunturu; a yanko tsohon tub na babur a rufa mashi, kuma a goga bakin fensir a maimakon mai, don mai ƙura yake tarawa. Akwai masu yin baki mai lilo irin na akwatin gidan waya, wanda kaya ke faɗawa ƙasa hannu ba ya kaiwa. Yana karɓar saƙo da yawa, amma yana cinye kusan rabin cikin akwatin, kwalbar turare kuma ba ta son faɗuwa. A na bulo mai ƙofa biyu ban ga amfaninsa ba, domin da ta ji ƙarar ƙofar waje take kwashewa.

Mai gidan kansa da katangar bulo, ya huda katanga. Ɗan haya mai inuwa a ƙofa, ya yi na katako da ƙafafun ƙarfe, ranar tashi ya ɗora shi a mota. Durom sai ga wanda tufafi da takalma kawai yake karɓa kuma yana da bedi a ƙofar gida. Firiza na bar wa gidan da yake da get da maigadi, inda yaran layi ba sa kaiwa.

Kowanne ka yi, ba zai yi maka aiki da kayan da sai an kawo ake biya ba, sai ka riga ka tura kuɗin. Abinci kuma kada ya kwana a ciki, kiyashi da ɓera za su koyi hanya. Kada ka rubuta sunanka ko lambar wayarka a jiki. "A ajiye saƙo a nan" da lambar gida sun isa, ka ɗauki hotonsa ka tura wa mai kawo kaya, shi ma in ya ajiye ya ɗauka ya turo maka. Ka kuma koya wa yara su leƙa kafin su zura hannu. Da farkon daminar bara maiɗakina ta buɗe ƙofar ciki ta tarar da kunama a kan ƙullin leshi, ta shigo ta wata 'yar kafa a ƙarƙashin ƙofar waje. Washegari na sa mai walda ya ƙara siririn ƙarfe a wurin, muka manna mashi yankin tub, kafar ta toshe.